Matambayi Ba Ya Ɓata: Tsohon Matuƙin Jirgin Yaƙi da Lambar Yabon da Ba Ta Iso Ba

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ina yi maka fatan alheri, kai da iyali. Ni 'yar zangon Kumasi ce, amma na daɗe a Amurka, a birnin Niyok, ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Akwai wani dattijo da nake kula da shi yanzu, ya haura shekara 100. Ƙafa ta gaza, kunne ya yi nauyi, amma hankalinsa garau yake. A Yaƙin Duniya na Biyu shi matuƙin jirgin jefa bamabamai ne samfurin B-24. Daga Ingila suke tashi su je Jamus su dawo, ya ce sawu 35 ya yi.

Labari guda yake yawan maimaita mini. A ƙarshen 1944 aka tura su kan wata matatar mai, bindigogin ƙasa suka kashe masa inji biyu cikin huɗu, biyu daga cikin yaran jirginsa suka ji rauni. Masu raunin ba za su iya dira da laima ba, shi kuma ya ƙi barin su. Haka ya lallaɓo jirgin, suna ta watsar da bindigogi da akwatunan harsashi a teku don rage nauyi, har ya sauka a wani filin gaggawa da ake kira Manston. Ya ce kwamandansu ya dafa kafaɗarsa ya ce masa ya tura sunansa don a ba shi lambar bajinta da suke kira DFC. Bayan 'yan makonni aka harbo kwamandan. Yaƙi ya ƙare, aka sallame shi, lamba shiru.

Yana da wani kwalin takalmi a ƙarƙashin gado. A ciki akwai takardar sallamarsa, da takardun da ake rubuta duk tashin da ya yi, da hotonsu su goma a gaban jirgi, da wata wasiƙa da makanikin jirgin ya rubuto masa a 1946 yana gode masa da ya dawo da su da rai. 'Yarsa ta taɓa rubuta wa gwamnati, aka ce mata fayil ɗinsa ya ƙone, sai ta haƙura. Shi kuwa bai haƙura ba.

Malam, bayan shekara 80 akwai sauran wata hanya? Sannan akwai abin da ke ci mini rai. Mutumin nan bamabamai ya zuba a kan garuruwa, na san akwai mata da yara a ƙasa. Idan na taimaka masa ya samu lambar yabo a kan wannan aiki, ban ɗauki alhaki ba kuwa?

Daga wata mai karatu a Niyok

AMSA

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya saka miki da alheri a kan wannan dattijo, ya kuma sa aikin da kike yi ya zame miki abin ceto.

Hanya tana nan, ba a rufe ta ba. Sai dai tun daga farko ina so ki san da wa za ku yi hulɗa. Mutanen da za su duba wannan magana ba su san dattijon ba, ba za su ga fuskarsa ba, ba za su ji yadda muryarsa ke rawa idan ya zo wajen masu raunin nan ba. Takarda za a ajiye musu, da takarda za su yi hukunci. Kamar alƙalin rigimar gona ne: ko ya yarda a ransa cewa tsohon da ke gabansa ba ya ƙarya, sai ya ce ina shaidu, ina takardar iyaka. Don haka duk ƙarfinku ya tafi wajen neman takarda, ba wajen gyara labari ba.

Hukumar da ke wannan aiki tana da asali. Kafin 1946, sojan Amurka da aka yi wa kuskure a fayil sai ya nemi ɗan majalisa ya gabatar da ƙudiri na musamman da sunansa shi kaɗai. Da yaƙi ya ƙare, miliyoyin sojoji suka dawo gida, majalisa ta ga ba za ta iya ba, sai ta yi doka a wannan shekarar cewa kowace runduna ta kafa hukumar fararen hula mai gyara bayanan soja idan an sami kuskure ko rashin adalci. Dokar tana nan har yau, sashe na 1552 a kundi na 10 na dokokin tarayya. A lokacin da dattijonki yake tuƙi, mayaƙan sama suna ƙarƙashin sojan ƙasa ne, sai a watan Satumba na 1947 suka zama runduna mai cin gashin kanta. Duk da haka maganar lambobin yabo na matuƙan wancan zamani hukumar sojan sama ce ke duba ta, wadda ke sansanin Andrews a jihar Maryland. Fom ɗin da ake cikewa sunansa DD 149. Kyauta ne, kuma ba dole sai da lauya ba.

Doka ta ce a shigar da ƙorafi cikin shekara uku daga ranar da mutum ya gano kuskuren. Kada wannan ya karya muku gwiwa, domin dokar da kanta ta ba hukumar ikon ɗauke wa'adin idan adalci ya buƙaci haka, kuma fom ɗin yana da gurbin da za a bayyana dalilin jinkiri. A rubuta gaskiya kawai: ya ɗauka takardar tana hanya, daga baya aka ce masa fayil ya ƙone, bai san akwai inda ake kai kuka ba.

Yanzu ga inda maganar take da nauyi. Kafin a cike kowane fom, sai an gano wane irin al'amari ne wannan, domin mutane uku za su iya ba da labari iri ɗaya da na dattijonki amma makomarsu ta bambanta ƙwarai. Akwai wanda aka amince da lambarsa, aka buga sunansa a takardar odar runduna, sai dai an maido shi gida ko an canza masa wuri kafin a maƙala masa, akawun da ya buga takardar sallama kuma bai gani ba. Wannan shi ne mai sa'a. Da zarar an samo takardar odar nan mai lamba da kwanan wata, magana ta ƙare, babu ma buƙatar a shawo kan kowa, gyara ne kawai za a yi a aiko da lamba. Akwai kuma wanda kwamanda ya rubuta masa takardar shawara da gaske, amma ta ɓace a hanya ko ta maƙale a teburin wani. Wannan sai an kawo alamar cewa takardar ta taɓa wanzuwa. Na uku shi ne wanda aka yi wa alkawari da baki, kwamanda yana da niyya, amma mutuwa ko ruɗanin yaƙi ya hana shi zama ya rubuta. Daga yadda kika ba da labari, ina jin tsoron dattijonki yana tsakanin na biyu da na uku, kuma na ukun shi ne mafi wuya. Amma ba a yanke wannan hukunci sai an duba. Tsofaffi da yawa sun yi shekaru suna zaton an manta da su, ashe sunansu na kwance a takardar oda tun 1945.

Maganar gobara gaskiya ce, ba korar 'yarsa aka yi da ita ba. Ranar 12 ga Yuli, 1973 wuta ta tashi a babbar ma'ajiyar fayilolin sojoji da ke St. Louis a jihar Missouri, ta cinye fayil tsakanin miliyan 16 zuwa 18. Cikin sojojin ƙasa da aka sallama daga 1912 zuwa farkon 1960, kusan kashi 80 cikin ɗari fayilolinsu sun tafi, kuma ba a ajiye kwafi a ko'ina ba. Wanda aka sallama a 1945 kamar dattijonki yana cikin wannan rukuni. Amma abin da ya ƙone fayil ɗin mutum ne shi kaɗai. Takardun rundunar da ya yi aiki a cikinta ba a St. Louis suke ba, kuma a nan ne 'yarsa ta tsaya da wuri.

Wurare biyu za ku nufa. Na farko cibiyar tarihin sojan sama da ke sansanin Maxwell a jihar Alabama, inda aka tara tarihin wata-wata na kowace ƙungiyar jirage, sau da yawa har da takardun odar lambobin yabo a liƙe. Na biyu ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke College Park a Maryland, inda rahotannin kowane hari suke: jiragen da suka tashi, waɗanda suka dawo, waɗanda suka sauka a wani fili, irin ɓarnar da aka yi musu, da abin da ma'aikatan jirgi suka faɗa wa jami'an leƙen asiri bayan saukarsu. A can ne kuma za a sami rahoton ɓacewar jirgin kwamandan, wanda zai nuna ranar da aka harbo shi. Idan ranar ta zo 'yan makonni bayan harin matatar man, kin ga labarin dattijon ya fara tsayawa da ƙafarsa. Manston kuwa a wancan lokaci filin sojan saman Ingila ne a yankin Kent, ɗaya daga cikin filaye uku masu dogon titi da aka tanada don jiragen da suka dawo da rauni, sauran biyun su ne Woodbridge da Carnaby. Littattafan ayyukan filayen Ingila suna ma'ajiyar tarihi ta Kew a Landan, ya kamata a leƙa can ma ko an rubuta saukarsa. Duk wannan bincike yana buƙatar abu uku daga cikin kwalin nan: lambarsa ta soja, lambar ƙungiyar jiragensu, da ranar harin. Takardun tashin da kika ambata za su ba da ranar. St. Louis ɗin ma a sake rubuta musu da fom SF 180, domin sukan harhaɗa abin da ya samu daga takardun biyan albashi da na asibiti.

Akwai kuskure guda da nake roƙon ku kauce masa, shi ne dogaro da yawan sawu. Da farkon yaƙi, rundunar sama ta takwas da ke Ingila tana ba da lambar Air Medal bayan sawu biyar, wanda ya cika sawu 25 kuma a ba shi DFC ya koma gida. A 1943 shugaban mayaƙan saman, Janar Henry Arnold, ya ba da umarnin a daina ba da lamba don ƙidaya kawai, sai da takamaiman aikin bajinta da aka rubuta. Ba a daina a rana ɗaya ba, wasu wurare sun ci gaba da tsohuwar al'ada har cikin 1944, adadin sawun kuma aka ɗaga shi zuwa 30, sannan 35. Shi ya sa za ki ga wanda ya yi 25 yana da lamba, wanda ya yi 35 bayansa ba shi da ita, abin da ya bar ɗaci a zukatan tsofaffi da yawa, kuma ni ma ina ganin suna da dalilin jin ciwo. Amma idan aka rubuta wa hukuma cewa ya yi sawu 35 don haka a ba shi, amsar da za ta zo sananniya ce: ƙa'ida ta canza kafin lokacinsa. Ƙarfin dattijonki yana cikin rana ɗaya tak, ranar da ya dawo da jirgin da inji biyu kaɗai suka rage masa, da mutum goma a ciki. An kafa DFC a 1926 don jarumtaka ko aikin da ya wuce na yau da kullum yayin da ake cikin tashi, kuma abin da ya yi a wannan ranar shi ne za a auna da wannan ma'auni. Idan bincike ya nuna cewa mataimakinsa ko wani a cikin jirgin ya samu lamba a kan wannan harin, a sa shi a sahun gaba, domin hujja ce mai ƙarfi ta rashin daidaito.

Idan an duba ko'ina ba a sami takardar oda ba, ba a kuma sami alamar takardar kwamanda ba, akwai wata ƙofa da majalisa ta buɗe a 1996, sashe na 1130. A ƙarƙashinsa ana iya haɗa sabuwar takardar shawara ko bayan shekara nawa ne, a miƙa ta hannun ɗan majalisar tarayya ko sanatan yankin da tsohon yake zaune, shi kuma ya tura wa rundunar ta duba cancantar. Kowane ofishin ɗan majalisa yana da ma'aikacin da ke bin al'amuran tsofaffin sojoji, kuma wayar tarho ɗaya ta isa a fara. Sharaɗin mai wuya shi ne mutum ba ya ba da shawarar a ba shi lamba da kansa. Ana son wani dabam da ya san abin da idonsa, ana son bayanan shaidu, ana son sa hannun shugabanninsa na wancan lokaci ko bayanin cewa sun rasu. Bayan shekara 80 wannan ba ƙaramin abu ba ne. A nan ne wasiƙar makanikin nan take da daraja fiye da komai a cikin kwalin. Shaidar gani da ido ce, an rubuta ta shekara biyu bayan abin, lokacin da babu wanda ke neman komai a wurin kowa. A ɗauke ta hoto gaba da baya har da ambulan da tambarin gidan waya, asalin kuma kada ya fita daga gidan, kwafi kawai ake aikawa. A juya bayan hoton nan na mutum goma, sau da yawa akwai sunaye. Ko duk sun rasu, 'ya'yansu da jikokinsu suna iya riƙe da littafin tunawa ko wasiƙun da suka rubuta gida. Ƙungiyoyin jiragen wancan zamani da yawa suna da zumuntar iyalai da masu tattara tarihinsu, kuma waɗannan mutane sukan san fayilolin fiye da ma'aikatan gwamnati.

Ita hukumar gyaran bayanai tana tsammanin an bi waɗannan hanyoyi kafin a zo mata. Idan an zo, mutum uku ne ke zama a kan ƙorafi, kuma da wuya su kira mai ƙorafi ya bayyana a gabansu. Suna farawa da ɗaukar cewa abin da gwamnati ta rubuta daidai ne, nauyin kawo hujja yana kan mai ƙorafi. Sukan nemi ra'ayin ofishin da ke kula da lambobin yabo, su aiko muku da kwafi, su ba ku kwana 30 ku mayar da martani. Kada a bari wannan wa'adi ya wuce, domin nan ne damar ku ta ƙarshe ta nuna inda ofishin ya yi kuskure. Doka ta ce a gama yawancin ƙorafe-ƙorafe cikin wata 10, duka kuma kada su wuce wata 18. Ga mutumin da ya haura 100 wannan lokaci ne mai tsawo, don haka a rubuta shekarunsa da halin lafiyarsa ɓaro-ɓaro a shafin farko, a roƙi ofishin ɗan majalisa ya nemi a hanzarta. Ƙungiyoyin tsofaffin sojoji irin su American Legion da VFW suna da wakilai masu taimakawa da cike takardu ba tare da karɓar ko sisi ba. Duk wanda ya ce ku biya shi ya tabbatar muku da lamba, ku rabu da shi.

Ba zan ɓoye miki ba, ana ƙin amincewa da irin waɗannan ƙorafe-ƙorafe da yawa. Amma ƙi na farko ba shi ne ƙarshe ba idan sabuwar hujja ta fito. Akwai wani sojan ƙasa ɗan jihar Kentucky, Garlin Murl Conner, wanda ya yi bajinta a Faransa a watan Janairun 1945, aka ba shi lamba a lokacin. Hukumar sojan ƙasa ta ƙi ɗaga darajar lambarsa a 1997, ya rasu a 1998, matarsa ta ci gaba da bi. A 2014 kotu ta ce lokaci ya ƙure mata. Bayanan shaidun gani da ido da aka tono daga ma'ajiyar tarihi su suka sa hukumar ta sauya matsayi a 2015, kuma a watan Yunin 2018 aka miƙa wa matar lambar yabon soja mafi girma ta ƙasar a fadar shugaban ƙasa. Abin lura a nan biyu ne: takardar shaidu ce ta juya al'amarin, kuma mai lambar bai gani ba. Idan Allah ya karɓi ran dattijonki kafin a gama, 'yarsa tana da hurumin ci gaba a matsayin magajiya. Saboda haka kada ki yi masa alkawarin lamba. Ki ce masa za a nema, kuma za a nema da gaske.

Sai tambayarki ta biyu, wadda na fi jin nauyinta, kuma na ji daɗi da kika yi ta. Damuwarki tana kan hanya. An kashe fararen hula masu ɗimbin yawa daga sama a wancan yaƙi. A birnin Hamburg na Jamus, a watan Yulin 1943, kimanin mutum 40,000 suka mutu. A Dresden, shi ma a Jamus, a watan Fabrairun 1945, har zuwa 25,000. Ko hare-haren da aka ce na matatun mai da tashoshin jirgin ƙasa ne, bamabamai da yawa sun faɗa a unguwanni. Su kansu Turawan Ingila abin ya daɗe yana damunsu: ma'aikatan jiragensu na bamabamai sun rasa mutum 55,573, amma sai a 2012 aka gina musu wurin tunawa a Landan, sai a 2013 aka ba waɗanda suka rage wata alama ta musamman. A ɗaya ɓangaren kuma, gwamnatin Jamus da ake yaƙa tana halaka mutane miliyoyi a sansanoni, su kuma samarin da ke cikin jiragen, da yawansu ba su wuce shekara 20 da 'yan kai ba, ba su suka zaɓi inda za a kai hari ba, kuma rundunar ta takwas kaɗai ta rasa kimanin 26,000. Ban kawo wannan don in wanke kowa ba. Ran yaron da ya mutu a ƙarƙashin ɓaraguzai yana nan da haƙƙinsa, kuma hisabinsa yana wurin Allah.

Amma ki duba abin da ake nema a rubuta. Ba a cewa a yaba masa don ya rusa gari. Ana cewa a rubuta cewa a wata rana yana da damar tsira da ransa ya bar masu rauni biyu, ya ƙi, ya dawo da su. Idan hakan ya faru, rubuta shi gaskiya ce, kuma addininmu ya hana ɓoye shaida, bai kuma ce a duba addinin mai haƙƙi kafin a taimaka masa ya kai gare shi ba. A ganina babu alhaki a kanki muddin ba ki ƙara gishiri ba. Idan kuna rubuta bayaninsa ya ce bai tuna wani abu ba, a rubuta bai tuna ba. Idan takardun suka saɓa da abin da yake faɗa, a bar takardun su yi magana. In kuma zuciyarki ta ƙi natsuwa duk da haka, ki miƙa wa 'yarsa waɗannan bayanai ki ja baya, ba ki yi laifi ba.

Ki kuma kiyaye kanki da aikinki. Ke ma'aikaciya ce a gidan, ba 'yar gida ba. Kada ki sa hannu a madadinsa a kowace takarda, kada ki fita da komai daga kwalin, kuma ki sanar da kamfanin da ya turo ki kafin ki shiga al'amarin. Fom ɗin shi zai sa wa hannu, ko 'yarsa idan tana da takardar wakilci. Abin da ke hannunki, wanda babu mai iya yinsa kamar ke tunda ke ce kike wuni da shi, shi ne ki kira 'yar a wannan makon ku zauna ku uku, da izininsa a kunna waya a naɗi labarin daga bakinsa tun daga tashi har sauka: ranar, sunan gari, wa ke zaune a ina, wa ya ji rauni, wane asibiti aka kai su, a ina kwamandan ya tsaya lokacin da ya yi maganar, wa ke kusa. Daga nan a buga shi a takarda, a karanta masa, ya sa hannu a gaban jami'in da ke buga hatimin rantsuwa. Irin waɗannan jami'ai sukan zo har gida idan an kira su. Wasiƙun Maxwell da College Park su tafi a mako ɗaya da wannan, kada a jira amsar ɗaya kafin a aika ɗaya.

Idan amsa ta zo daga ma'ajiyar, ki sake rubuto mana abin da aka samu, sai mu duba tare ko ta ƙofar ɗan majalisa za a bi ko kai tsaye wurin hukuma. Ki gaida mana dattijon.